Haƙƙin Mai Mudu A Kan Mai Tirela

Kowace shekara in watan Azumi ya kama, akan ga manyan motoci sun shiga unguwannin Fagge ɗauke da buhunan shinkafa da gero da katan-katan na taliya, an manna wa kowane buhu sunan kamfani ko hoton mai gida. Mata su yi layi tun da hantsi a ƙofar makaranta ko gidan mai unguwa, a ba kowace rabonta, masu ɗaukar hoto su ɗauka, a watse. Da maraice gidan rediyo ya ba da labari cewa kamfani kaza ya sauke nauyin jama'a da ke wuyansa. Wannan ita ce al'adar da 'yan boko ke kira haƙƙin jama'a a kan kamfani. Babu mai hankalin da zai zargi wanda ya ciyar da mai azumi, Allah ya saka masa da alheri. Amma akwai tambayar da ta kamata malamai da 'yan kasuwa su tsaya a kanta: matan nan da suka yi layi, kafin Azumi mene ne tsakaninsu da mai buhun, bayan Salla kuma mene ne zai kasance?

Amsa ita ce ciniki ne tsakaninsu, wata goma sha ɗaya a shekara. A ɗauki Kwaciri misali. Mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Fagge, wadda ta haɗa Fagge kanta da Rijiyar Lemo da Sabon Gari, a cikinta kuma Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari suke, ga kasuwar Singa nan kusa da su. Da wuya a sami wani yanki a Arewa inda dukiya ke juyawa kamar nan. To, wanda duk ya ratsa lungunan Kwaciri bayan sallar Asuba zai ji ƙamshin mai a wuta tun gari bai gama wayewa ba. Wannan gida ƙosai, wancan awara, na gaba ɗanwake da taliyar murji. Can ana ƙulla zoɓo da kunun aya, can kuma ana ɗinkin hula ko ana ƙulla gishiri da omo a leda. Fulawar da man girkin da sukarin da magin, har ledar kanta, duk daga kantunan manya suka fito. Watau matar da aka kira mabuƙaciya ranar rabon buhu, ita ce mai sayen kayan kamfanin sauran kwanakin shekara, kuma da kuɗinta.

Ga yadda kayan ke isa gare ta. Kamfani ya sayar wa babban dila tirela guda, dila ya sayar wa mai shago a Singa buhu hamsin ko ɗari, mai shago ya sayar wa mai tireda na unguwa buhu ɗaya ko biyu, mai tireda ya auna mata mudu ko rabin mudu. Hannu huɗu ke nan, kowane hannu da ribarsa, ribar kuwa halal ce. Amma a duba inda nauyin ya sauka. Wanda ya ɗauki tirela shi ya saya mafi araha, sau da yawa kuma ba ya biya sai ya sayar, a ƙarshen shekara ma a ba shi tukuici saboda yawan abin da ya ɗauka. Wadda ta sayi mudu ita ta saya mafi tsada, ita ce kuma ake cewa ta kawo kuɗi hannu. In farashi ya tashi da safe, kafin Azahar ya iske ta. In ya sauka, sai ya yi mako bai ƙaraso lungunsu ba. Ribar da ke saura a hannunta ba ta kai ta ɗauki ɗan aike ba, saboda haka sai ta ɗora wa 'yarta faranti.

Farantin nan shi ya kamata ya hana mai kanti barci. A 1969 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a kan cinikin matan kulle, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, domin ta ga hatsi da mai da dafaffen abinci masu yawa suna sauya hannu daga gida zuwa gida ba su taɓa shiga kasuwa ba. Bayanta wata Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa cinikin nan a kan ƙafafun yara yake tafiya, ribar talla kuma ita ake tarawa a yi wa yarinya kayan ɗaki. Abin da baƙi suka sha wahala kafin su gano, kowace tsohuwa a Fagge ta san shi tun tana budurwa. Gwamnatin Kano ta yi shelar ilmi kyauta kuma dole a 2019, amma shela ba ta sayar da ƙosai. Muddin uwa ba ta da wata hanyar kai kayanta ga mai saye, ribarta kuma ba ta wuce cefanen yini ba, yarinya za ta fita. Malamin allo ya rasa ta da safe, malamin boko ya rasa ta da hantsi, a same ta a tasha da almuru tana jiran a biya ta kuɗin gyaɗa.

Masu cewa mace ba ta iya riƙe babban jari, ya kamata su tuna yadda aka yi attajiran Kano su kansu. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta a 1912, cinikin gyaɗa ya tashi. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, sai suka riƙa ba fataken goro kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu, yaran su shiga ƙauye su auno gyaɗa. Babu takardar fili, babu jingina, sai sanin asali da amana. Ta wannan hanya Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya fara saya wa Kamfanin Neja gyaɗa a 1918, ya kai inda a 1929, da aka buɗe bankin Turawa a Kano, ya kai ajiyarsa ta kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi mafi dukiya a Afirka ta Yamma. Tattaɓa-kunnensa, Alhaji Aliko Ɗangote, shi ma da rance daga dangin mahaifiyarsa ya fara a 1977. Har gobe haka Kwari take: yaro ya yi shekaru yana jiran shago, mai gida ya yarda da shi, ya ba shi turame hamsin na atamfa ya ce je ka juya. Ba a taɓa jin attajirin da buhun Azumi ya yi ba, amana ce ke yin attajiri. Ita kuwa ƙofar amanar nan, 'ya'ya maza kaɗai aka saba buɗe wa.

Abin lura kuma, sunan gidan kansa na mace ne. Mahaifin Alhasan ya rasu yana yaro a Bebeji, mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma fatauci take yi da dukiyar kanta, ta tafi Ankara ta bakin teku, a ƙasar Gana ta yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Ita ta rene shi, da sunanta duniya ta san shi.

Tun kafin gyaɗa ma hannun mata na cikin arzikin garin nan. Barth, Baturen Jamus da ya zo Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Marina maza ne, masu saƙar sawaye maza ne, amma zaren da suka saƙa suka rina, mata ne suka kaɗa shi da mazari a tsakar gida. Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita, mata ne suka ɓare ta a turmi kafin injin hannu ya yaɗu, su ne kuma masu matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli. Sai zamani ya juya. Zaren inji ya kashe kaɗi, balle da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957 da waɗanda suka biyo bayanta. Injunan matsar mai suka karɓe babban rabo na man gyaɗa. Injin niƙa ya karɓe daka da niƙa na lada. Zuwan inji ba laifi ba ne, ya ma sauƙaƙa wa mata wahala mai yawa. Sai dai kowace sana'a da ta fita daga tsakar gida ta shiga masana'anta, galibi maza aka ɗauka su tsaya a kanta, ba wanda ya waiwayi wadda aka karɓe wa. Wannan bashi ne, ko da ba a rubuta shi a littafin kowane kamfani ba.

Malamai sun fi kowa sanin cewa Shari'a ba ta da hannu a rufe ƙofar nan. A mazhabar Malikiyya matar aure rashida dukiyarta tata ce, sadakinta nata ne, gadonta nata ne. Ta saya ta sayar, ta yi tarayya, ta ba da ƙiradi, ta wakilta wanda ta so, ciyarwa kuma tana wuyan miji ko da ta fi shi arziki. Abin da fuƙaha'u suka ba miji ikon hanawa shi ne kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta, ita ma kyauta aka ce, ba bai'i ba. A Ingila kuwa sai a 1870 da 1882 aka yi dokokin da suka bar wa matar aure abin da ta samu da abin da ta mallaka; kafin nan a hannun mijinta yake. Nana Hadiza, uwar muminai, attajira ce mai aika maza da dukiyarta zuwa Sham, a cikin fataucin nan kuma ta ga amanar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Nana Zainabu 'yar Jahshi jima take yi da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma lissafa mas'alolin saye da sayarwa cikin abin da ya kamata a sanar da su. Ai ba a koya wa mutum hukuncin abin da ba a yarda ya yi ba.

Akwai kuma ƙissar da kowane ɗalibi ya sani. Sa'ad da Abdurrahmanu ɗan Aufu ya yi hijira zuwa Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa Ba'ansare, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya gode, ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya fara da cuku da man shanu, bai daɗe ba ya yi aure da sadakin zinariya, ya rasu yana cikin mafi dukiyar Sahabbai. Masu wa'azi sukan kawo ƙissar nan domin su zaburar da samari. Ba a cika jin an kawo ta a kan bazawarar da aka sako da 'ya'ya huɗu ba, alhali ita ma abin da take nema ke nan, a nuna mata kasuwa. Ita sai a nuna mata layi.

Sa'an nan a rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa. Zakka farilla ce, rubu'in ushuri a kan kayan ciniki, watau biyu da rabi cikin ɗari. Haƙƙin masu ita ce, wanda ya fitar da ita bai yi wa kowa gwaninta ba, bai kuwa kamata ya buga sunan kamfaninsa a jikinta ba. Sadaka tana bayanta, mai yi ya sami lada gwargwadon niyyarsa. Na uku shi ne adalci a cikin cinikin kansa: cika mudu, faɗin aibin kaya, barin ɓoye abinci domin ya yi tsada, biyan ma'aikaci a kan kari, da buɗe wa mai rauni ƙofar da aka buɗe wa mai ƙarfi. Na biyu ba ya ɗauke na uku. Wanda ya tsauwala wa mace wata goma sha ɗaya, sa'an nan ya ba ta buhu a na goma sha biyu, ya zama kamar wanda ke ɗibar ruwa a randar mutum da tulu yana mayar masa da ludayi.

Ba a ce ba a yi komai ba. Gidauniyar Ɗangote, wadda aka kafa a 1994, ta fara rabon ƙaramin jari ga mata a Kano a 2011, naira 10,000 ga kowace mace, daga baya ta kai shi waɗansu jihohi. Wannan ya fi buhu, domin jari ne. Sai dai a shekarar da aka fara, dala ɗaya wajen naira 160 take, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Jarin da aka bayar sau ɗaya ba a biyo bayansa da kaya ba, faɗuwar naira ta bi shi ta cinye. Babban Bankin Nijeriya, zamanin da Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi ke gwamnansa, ya ware naira biliyan 220 a 2013 domin ƙananan sana'o'i, ya ce kashi 60 cikin ɗari na mata ne. Niyya kyakkyawa, amma irin wannan kuɗi ta hannun bankuna yake bi, banki kuwa yana tambayar asusu da takardar shaida da jingina, ga kuma ruwa a kai, wanda ke sa mace mai tsoron Allah ta ja da baya. A 2017 an yi dokar da ta yarda a jinginar da kayan da ake iya ɗauka, kamar keken ɗinki da firji da dabbobi, ba lalle sai fili ko gida ba. Doka ce mai amfani ƙwarai ga mata, tun da yake dukiyarsu galibi irin wannan ce. To, a tambayi mata goma a Kwaciri a ji ko akwai wadda labarinta ya isa kunnenta.

Abin da banki ya kasa, ɗan kasuwa yana iyawa, domin shi da sani yake ba da bashi. In ya ce bai san matan ba, akwai wadda ta san su. Babu unguwar da ba ta da uwar adashi, mace mai riƙe kuɗin mata ashirin ko talatin, kullum ko mako-mako. Ta san wadda ke zubi a kan lokaci da wadda sai an bi ta, ta san wadda ta kwasa ta ci gaba da zubi da wadda ta kwasa ta ɓace. Ilmin nan shi ne bankunan Turai ke kashe dukiya domin su tara a kwamfuta, ita kuwa yana cikin kanta da ɗan littafinta. Haka dillaliya mai kai atamfa da leshi gida-gida: shekara nawa ta yi tana karɓar kayan mutane tana dawo musu da kuɗinsu cif? Me zai hana babban mai shago a Singa ya yarda da adashi guda, ya ba su buhu goma a farashin sari, a biya bayan mako biyu, uwar adashi ta tsaya lamuni, su raba a tsakaninsu? Bai'i ne zuwa ajali sananne, halaccinsa ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya fi ƙarfi ya ba da ƙiradi, da tsabar kuɗi kamar yadda malamai suka sharɗanta, dukiya tasa, aiki nasu, riba a raba bisa abin da aka yi alkawari. A kuma rubuta komai, tun da aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Bankin Jaiz ya buɗe reshe a Kano tun 2012 a kan ƙa'idojin ciniki marar ruwa, saboda haka ba a ce ba a san hanya ba. Mai shagon kuwa ba asara zai yi ba, ya sami masu saye talatin waɗanda ba za su bar shi ba.

An gwada makamancin wannan a ƙasar Bangaladash, inda Muhammadu Yunus ya kafa bankin Grameen a 1983: rance ba jingina, mata biyar-biyar a ƙungiya suna lura da juna. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu karɓa mata ne, shi da bankin kuma aka ba su lambar Nobel a 2006. Bankin nasa yana karɓar ruwa, wannan ba abin koyi ba ne, a Indiya ma masu kwaikwayonsa sun matsa wa matalauta har abin ya zama fitina a 2010. Abin ɗauka ɗaya ne, an gwada an gani, matalauciya tana biyan bashi.

Wani zai ce, to ina kulle, ina gudun cakuɗuwa? Tambaya ce ta gaskiya, ba a raina mai yinta. Amma ba a ce kowace mace ta fito ta kafa rumfa ba. Waya ta riga ta shiga ɗakunan mata. Akwai matan aure a Kano masu sayar da atamfa da turaren wuta da kwanuka ta WhatsApp, mai saye ya tura kuɗi ta asusu, ɗan Adaidaita Sahu ya kai kaya, ita ba ta taka ƙofar gida ba. Abin da ya rage wa irin waɗannan shi ne a yarda da su a Kwari kamar yadda aka yarda da yaron shago. Wanda ke kishin kulle da gaske kuwa, ya auna da kansa: wanne ya fi kusa da abin da Shari'a ke gudu, uwa ta yi ciniki da sunanta daga ɗakinta, ko 'yarta mai shekara goma sha biyu ta yi yawo da faranti a tsakanin 'yan tasha?

Akwai ɓaraka biyu a cikin gida, ɗinkinsu kuma aikin malamai ne. Ta fari, mijin da in ya ga matarsa ta sami jari sai ya janye hannu daga cefane, ko ya ranta ya ƙi biya, har jarin ya narke a tukunya. 'Yan kasuwa da yawa wannan ne dalilinsu na ƙin ba mace kaya, kuma ba ƙarya suka yi ba. Hukuncin a fili yake: dukiyarta ba ta halatta gare shi sai da daɗin ranta, abin da ya ranta kuwa bashi ne a wuyansa. Sau nawa ake jin wannan a kan mumbari? Ta biyu, gado. Attajiri ya rasu ya bar shaguna, a zauna a raba a takarda, kowace 'ya ta ji rabonta, sa'an nan yayyenta maza su ce za su juya mata. Shekara ta kewayo a aika mata da turmin atamfa da kuɗin cefanen Salla, babu lissafi, ba ta san abin da ya shiga ko abin da ya fita ba, in ta tambaya a ce ta cika son abin duniya. A shari'a mai dukiya ce, a zahiri kuwa mai jiran kyauta. Gidan da ba ya yi wa 'yarsa lissafi, da wuya ya yi wa 'yar wani adalci. Ga 'ya'yan Alhaji Aliko mata uku, Mariya da Halima da Fatima, an ba su manyan muƙamai a kamfanoninsa, ba a ji ciniki ya rushe saboda haka ba.

Waɗansu ƙasashe ta hanyar doka suka bi. Norwe ta yi doka a 2003 cewa kashi 40 cikin ɗari na kujerun hukumar gudanarwa a manyan kamfanoni kada su kasa ga mata. Indiya a 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin ɗari na ribarsu a kan jama'a, da sa aƙalla mace ɗaya a hukumarsu. A Nijeriya bankuna sun ɗaukar wa kansu alkawari a 2012 na ba mata kashi 30 na kujeru da kashi 40 na manyan muƙamai, dokar man fetur ta 2021 kuma ta sa kamfanonin haƙar mai su ware kashi 3 na kuɗin gudanar da aikinsu domin garuruwan da suke aiki a ciki. Duk wannan yana da kyau a inda yake. Amma kujera a Ikko ba ta rage farashin mudu a Kwaciri, mafi yawan dukiyar Kwari da Singa kuwa ba ta da wata hukumar gudanarwa, mutum ɗaya ne da wayarsa da yaransa. Abin da ke isa gare shi shi ne kunya, da maganar liman, da shawarar shugabannin kasuwa.

Kada kuma a manta da matan da ƙarfinsu suke sayarwa. A sito-sito na Dawanau akan tara mata su tsince zoɓo da riɗi, su sheƙe, kafin a ɗura a buhu a kai bakin teku. Zoɓon Arewa har ƙasar Meziko yake zuwa. Aiki ne na yini cikin ƙura, lada kuma gwargwadon abin da hannu ya yi. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta yanke naira 70,000 a wata, amma ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya bisa yawan abin da ya yi ba, watau ta tsallake matan nan. Mai siton da ya saya musu abin rufe hanci, ya kewaye musu bayan gida da wurin salla, ya sallame su kafin faɗuwar rana, ya biya mace abin da zai biya namiji a kan buhu iri ɗaya, lalle ya yi abin da ya fi rabon shinkafa a gaban masu hoto, ko da gidan rediyo bai faɗa ba.

Saura maganar rumfa. A Sabon Gari, unguwar da aka keɓe wa baƙi tun wajen 1913, matan Yarbawa da na Ibo sun daɗe suna zaune a rumfunansu da sunansu, da yawa daga Yarbawan kuma Musulmi ne masu salla da Hajji. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar. Duk sa'ad da aka sake gini a kasuwannin nan, bayan gobara ko ambaliya ko rusau, akan zauna a raba shaguna, amma ba a cika jin an ware layi guda an ce wannan na mata ne ba, da ƙofarsa da bayan gidansa da mai gadinsa, inda bazawara da tsohuwa da wadda mijinta ya yarda za su zauna, mata masu saye kuma su shiga su zaɓi kaya a natse. Alhali atamfa da leshin da suka cika Kwari, mata ne za su ɗaura su.

A 1956 Malam Isa Wali ya yi jerin rubutu a Gaskiya Ta Fi Kwabo a kan matsayin mata a Musulunci, da hujjoji daga littattafan da malamai ke karantarwa, ya sha suka ba kaɗan ba. Sai a 1976, bayan shekara ashirin, matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Mas'alar mudu da buhu ba ta buƙatar shekara ashirin, ba ta kuma buƙatar majalisa. Shugabannin kasuwar Singa da na Kwari da na Sabon Gari, tare da limaman Fagge da masu unguwannin Kwaciri, suna iya zama bayan sallar Juma'a guda. Su zaɓi adashi biyar da attajirai biyar, a ba da kaya a farashin sari zuwa ajali, a rubuta a littafi da shaidu, a sa sharaɗi ɗaya a kan matan, cewa yarinyar da ke makaranta ba za ta ɗauki faranti a lokacin karatu ba. In watan Sha'aban ya zo, kafin a fara loda buhunan Azumi, a buɗe littafin a gaban kowa. In ya nuna an ci amana, masu ƙin yarda sun sami hujja a rubuce. In ya nuna an biya, sai a ƙara buhu goma a kan goman farko.